Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Kiwo na Kamaru: a auna mana shanunmu Gudali tukuna kafin a sake ɗauko wani iri daga waje

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe mai girma Minista, tare da delegen kiwo na yankin Adamawa, da malaman cibiyar binciken noma da kiwo ta IRAD da ke Wakwa, da malamanmu na makarantar likitocin dabbobi ta jami'ar Ngaundere, ina gaishe ku da aiki, ya ƙoƙari, ya haƙuri da jama'a. Allah ya taya ku riƙo.

Ni fataucin shanu nake yi a nan Ngaundere, ina kuma ɗan taɓa kiwon turka a bayan gida, mahaifina Allah ya jiƙansa mahauci ne, cikin warin fata da kukan maruƙa na tashi. Ba da bakina kaɗai nake magana ba. Akwai 'yan uwana da muke zama bayan la'asar, fatake da dillalai da mahauta da wasu Fulani abokan hulɗarmu masu garke a wajen Tinyer da Meiganga da hanyar Tibati, su suka ce tunda ni ne mai ɗan iya rubutu a waya in rubuta. To ga shi na rubuta, in na yi ba daidai ba a yi min afuwa, ba rashin kunya ba ce, abin ne ya daɗe yana cin mu.

Bari in fara da laifin kaina don kar a ce na zo nuna yatsa kawai. Watannin baya na sayi wani bijimi Gudali a hannun wani dattijo, ja ne da fari-fari a ciki, ƙaho gajere, tozo ya zauna daram, ƙirji kamar ƙofar zaure, bai wuce shekara 3 ba don na buɗe bakinsa na duba haƙora, amma in ka gan shi sai ka rantse ya kai 5. Ba turto, wato tunkuzar 'ya'yan auduga, aka ba shi ba, ba dusa ba, ciyawar daji ce kawai da kanwa. Dattijon nan da zai miƙa min igiya sai da ya shafa wuyansa ya kau da kai, ya ce min Alhaji ba don matata na kwance a asibiti ba da ko nawa ka kawo ba zan sayar ba. Na biya, na kai shi tashar jirgi, ina tsaye aka tura shi cikin tarago tare da tsofaffin shanu ya tafi Yawunde, kwana 3 ya zama tsire da miya. Na ci riba, alhamdu lillahi. Amma da na koma rugar bayan sati biyu na ga wanda aka bari yana barbarar garken, wlh sai da jikina ya yi sanyi: wani ɗan ƙanjamamme ne mai ƙugu kamar na akuya, wanda ko ni da aka yi min tayinsa ban saya ba. Shi ne zai zama uban duk maruƙan baɗi.

Wannan shi ne kukanmu na farko kuma shi ne babba. Duk ranar kasuwa, daga Ngawi zuwa Banyo, abin da ke faruwa kenan. Wanda ya fi saurin girma shi ya fi kuɗi, wanda ya fi kuɗi shi ake fara fitarwa idan buƙata ta taso, ragowar da ba mai so ita ake bari ta haihu. Mu da kanmu muna tsince mafi kyau muna kai wa wuƙa shekara da shekaru, sannan mu zauna muna mamakin me ya sa shanun yanzu ba su kai na zamanin iyayenmu ba. Kuma babu wani wuri da dattijon nan zai kai bijiminsa a ce masa tsaya, wannan ba na yanka ba ne, na iri ne, ga kuɗinsa har da ƙari. Kasuwar nama muke da ita, ba mu da kasuwar iri.

Abu na biyu, da ido muke sayen bijimi, ido kuwa ana yaudararsa. Ni da nake turka na san sirrin, ka ba ni sa ramamme wata 3, in cika shi da turton auduga da dusar masara da gishiri, in yi masa allurar tsutsa, zai fito yana sheƙi kamar ango. To wannan ƙibar ta buhu ce, ba ta jini ba, ɗansa ba zai gaji turto ba. Na taɓa faɗawa wannan ramin da kaina, na haɗa kuɗi da ƙanena muka sayi wani ƙaton bijimi a wani ranci da ba zan kira suna ba, aka ce mana ai jinin waje ne, babu takarda babu komai sai baki, muka saka shi cikin shanunmu da ke hannun wani makiyayi. Damina ta farko kirci ya kama shi, bayansa duk ya yi ɓawo, 'ya'yan da ya bari guda 9 kuwa kusan dukkansu haka suka yi ta fama da kaska da kirci, kuɗin magani ya cinye ribar da ba mu ma gani ba. Wa za mu kama? Mai rancin cewa ya yi shi lafiya lau ya ba mu.

Ɗan yayata yana karatun likitan dabbobi, shi ya zaunar da ni wata rana ya warware min yadda ake yi a ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske, kuma da na ji sai na ga ashe ba tsafi ba ne, lissafi ne da haƙuri. Nauyin maraƙi ranar yaye abubuwa da yawa ne suka haɗu a ciki: akwai abin da ya gada daga uba da uwa, rabi nan rabi can, akwai yawan nonon uwar, akwai ko da damina aka haife shi ko da tsakar rani, akwai ko mai garken yana tatsewa ya bar masa kaɗan. Aikin masu kimanta iri shi ne su ware gadon daga sauran. Yadda suke yi kuwa, ba sa gwada maraƙin Banyo da na Meiganga kai tsaye, sai dai su gwada shi da sa'o'insa da suka tashi garke ɗaya, lokaci ɗaya, ciyawa ɗaya, sannan su duba danginsa, ubansa da 'yan ubansa da 'ya'yansa in yana da su, kwamfuta ta haɗa duka ta fitar da lamba. Wani malami a Amurka mai suna Charles Henderson na jami'ar Cornell shi ya tsara lissafin da ake kira BLUP wanda har yau a kansa ake tafiya. A Amurka in za ka sayi bijimi ana ba ka lambobinsa da suke kira EPD, a Ostireliya akwai tsarin BREEDPLAN, takarda ce za ta gaya maka 'ya'yan wannan ana sa ran za su ɗara na wancan da kilo kaza ranar yaye, har da yadda za ka yarda da lambar, don wanda aka auna 'ya'yansa 100 ba daidai yake da wanda aka auna 3 ba.

A yi min haƙuri in buga misali da lissafin kasuwa, misali ne kawai ba wani bincike ba. A ce bijimi yana ƙara wa kowane ɗansa kilo 10 a kan na wani bijimin. Yana hawa shanu 25 a shekara, ya yi shekara 4 a garke, in Allah ya raya su maruƙa 100 kenan, kilo 1000. Kusan shanu uku kyauta, ba ka ƙara ciyawa ba, ba ka ƙara makiyayi ba, kuma 'ya'yansa mata za su ci gaba da zuba wannan jinin bayan shi ya daɗe da shiga tukunya. Haka in ya kasance mai ragewa ne, asarar ma haka take tafiya shiru ba wanda ya gani.

Abin da ya fi ba ni takaici ranka ya daɗe shi ne, wannan aikin ba baƙo ba ne a garin nan. Tashar bincike ta Wakwa tana nan bakin Ngaundere, ko a babur ka je ka dawo kafin shayi ya huce. Tun 1952 aka kawo Brahman daga Amurka aka haɗa da Gudali aka fitar da irin da ake kira Wakwa, rabi da rabi, kuma a nan aka gano cewa jinin Brahman yana ƙara girma amma kirci yana cinsa fiye da namu na gida. Daga wajen 1968 zuwa 1988 an yi ta auna Gudali da Wakwa a wurin, nauyin haihuwa, na yaye, na shekara, ana zaɓe, malamai 'yan ƙasar nan sun yi rubuce-rubuce a kai har ƙasashen waje ana karantawa, kuma sun nuna Gudali tana amsa zaɓe in aka yi mata. Sai matsin tattalin arzikin ƙarshen shekarun 1980 ya zo, aka karya darajar sefa a 1994, kuɗin bincike ya ƙafe a ko'ina. Ba laifin ma'aikatan wurin nake gani ba, mutum ba ya auna sa da aljihu wayam. Amma darasin kircin nan da aka koya tun kafin a haife ni, ni sai da na sake sayensa da kuɗina a ranci, saboda bai taɓa fitowa daga cikin littafi ya zo kasuwa ba.

Na uku, maganar jinin waje. Kar a fahimce ni baibai, ba gaba nake da shi ba. Da aka kawo karsanan Montbéliarde daga Faransa a jirgin sama ƙarƙashin shirin PRODEL na Bankin Duniya mun gani mun yi murna, mai neman madara kusa da gari, yana da rumfa da ruwa da gonar ciyawa, wannan ta dace da shi. Haka haɗin Simmental da Gudali da SODEPA, ma'aikatar kiwo ta gwamnati, ke yi a rancinta na Faro, a ranci da likita a kusa abu ne mai kyau. Inda matsalar take, duk lokacin da aka buɗe baki a rediyo aka ce inganta iri, abin da kunnen talaka ke ji shi ne kawo na Turawa, har ya zama mutum yana jin kunyar Gudalinsa. Sai 'ya'yan haɗin nan maza su bazu kasuwa, ba ɗan kunne ba lamba, wannan ya saya wancan ya saya, su hau 'yan uwansu, jikoki su fito ba su yi Turai ba ba su yi Adamawa ba, wani babba wani ƙarami, kala-kala kamar kayan gwanjo. Ƙarfin da ake gani a haɗin farko raguwa yake yi a zuriya ta gaba, wannan duk mai ilimin iri ya sani, amma mai saye a kasuwa ba wanda ya gaya masa. Kuma jini in ya gauraya ba a tace shi da rariya. Yau in ka ce a nuna maka garken Gudalin Ngaundere tsantsa, ko na Banyo, ko na Tinyer, sai an yi tunani kafin a ba ka sunan mutum. Ban ma taɓo Namci na wajen Poli da Kapsiki na duwatsun Mandara ba, 'yan ƙananan shanu marasa tozo waɗanda suka saura kaɗan, Namcin nan kuwa tana jure sammore inda zabgegiyar saniya za ta faɗi, wanda ya san abin da ƙudan tsando ya yi wa tudun Adamawa har sai da aka yi ta feshi da jirgi daga shekarun 1970 ba zai raina wannan baiwar ba.

Ku duba Barazil. Shanunsu na nama mafi yawa masu tozo ne irin namu, Nelore, asalinsu daga Ongole ta Indiya aka kwaso su, ba wasu shanun aljanna ba ne. Suka kafa ƙungiyar masu kiwon masu tozo a garin Uberaba, suka yi ta rajista da awo da zaɓe shekara bayan shekara, yau su ne kan gaba a duniya wajen fitar da naman shanu. A Afirka ta Kudu Jan Bonsma ya fitar da Bonsmara a tashar Mara, kuma dokar irin ita ce dabbar da ba a auna ba ba ta shiga rajista komai kyanta. Ko Gambiya 'yar ƙaramar ƙasa ta yi da N'Dama tun shekarun 1990, garke ɗaya na tsakiya ana zaɓe a ciki, ana fitar da bijimai zuwa ga makiyaya. 'Yan uwanmu na Nijar suna da tashar Tukunus don shanun Azawak. Mu da Allah ya ba mu Gudali, saniyar da duk yankin nan aka san ta da nama da sanyin hali, me muke jira?

Na huɗu ya shafe mu mu 'yan kasuwa, kuma na san wasu abokaina za su ji haushina. A mafi yawan kasuwanninmu ba a sayar da sa da kilo, da ido ne da hannu cikin riga, dillali ya ja ka gefe ya raɗa maka. Rashin baskil, wato sikelin awon shanu, mu yake yi wa daɗi, gaskiya ɗaya ce, don idona ya fi na makiyayi sanin nawa sa zai ba da a mahauta. Amma muddin makiyayi bai ga an biya shi kilo 30 ɗin da ya ƙaru ba, don me zai wahalar da kansa da rubutu da zaɓe? Ni na yarda in rage riba a kan kai ɗaya in dai shanun za su gyaru, don yanzu ma tarago ɗaya kuɗinsa ɗaya ne ko ƙashi ka loda ko nama.

Akwai kuma maganar ƙasa, wadda kowa ke kuka da ita. Makiyaya tana ƙanƙancewa, gonaki sun ci burtali, ciyawar Bokasa ta mamaye wurare da dama, waya ta zagaye dazukan da da kowa ke kiwo, rigimar manomi da makiyayi kullum tana gaban Lamido da suprefe, wato hakimin gwamnati. Bijimin da sai ya shekara 6 kafin ya isa yanka ya ci ciyawar shekara 6, ya sha ruwan shekara 6, wanda ya isa a shekara 4 ya bar wa na baya ta shekara 2. Saniyar da ke haihuwa duk bayan shekara 2 da wadda ke yi kusan duk shekara bakinsu ɗaya ne a daji. Masu maganar ɗumamar yanayi ma abin da suke faɗa kenan game da iskar da shanu ke fitarwa in suna tuƙa, gwargwadon daɗewar dabba kafin ta ba da nama gwargwadon abin da ta fitar. Ba sai mun ƙara yawan kai ba, dajin ba zai ɗauka ba.

To ga abin da muke roƙo.

A dawo da garken Gudali tsantsa na zaɓe da ƙarfinsa, a ba shi kasafin da ba ya mutuwa ranar da porje ya ƙare. Wannan ita ce cutar da ta fi damunmu, porje shekara 5 ne ko 6, saniya kuwa sai ta kai wajen shekara 4 kafin haihuwar fari, ciki wata 9 da 'yan kwanaki, kafin ka ga jikokin bijimin da ka zaɓa motocin porje sun daɗe da komawa Yawunde. Aikin iri na shekara 20 ne zuwa sama, a rubuta shi cikin kasafin ƙasa kamar yadda ake rubuta rigakafi. Kuma ƙofar garken ta zama a buɗe ta ɓangare biyu, bijimai su fita zuwa ruga, in kuma an ga wani fitacce a ruga kamar na dattijon nan a saye shi da farashin da ya fi na mahauta a shigo da shi. Ko lambar waya ɗaya aka ba sarakunan shanu na manyan kasuwanni, a ce in irin wannan ya shigo ku kira kafin a loda, da an ceci da yawa.

A zaɓi garkuna na sa kai, ko 50 ne a fara da su, a saka wa maruƙa ɗan kunne mai lamba, a ba kowa karne, wato ɗan littafin rubuta bayanai. Ba wani abu mai yawa za a rubuta ba: ranar haihuwa, uwa, uba, nauyi ranar haihuwa, ranar yaye, da shekara ɗaya da rabi. Inda babu baskil akwai tef ɗin da ake zagaya ƙirji da shi ya ba ka kusan nauyin, ba ya cin batir ba ya lalacewa. Ɗaliban makarantar likitocin dabbobi suna nan suna neman wurin sitaj, wato koyon aiki, a ba su babur da mai da ɗan abin kashewa su zagaya duk wata, su suna koyo mu muna ƙaruwa. Na ji ana ta maganar gwajin jini na zamani da ake ciro gashin wutsiya a duba a faɗi darajar maraƙi tun yana shan nono, e akwai shi, amma ɗan yayata ya ce shi ma ba ya aiki sai an riga an tara awon dubban shanu na irin da za a gwada da su. Kenan ko ta ina aka bi sai an dawo kan tef da biro, kar a sayo mana na'ura mai tsada a rufe a ofis.

Sai dai ranka ya daɗe a nan akwai wani abu da in ba a kula da shi ba duk aikin zai rushe tun ranar farko. Bafulatani ba ya son a ƙirga masa shanu, kuma yana da hujja. Kakansa ya san jangali, shi kuma ya san masu garkuwa da mutane, shekarun nan da suka wuce mutane nawa suka sayar da garke kaf don fansar ɗa ko uba a yankin nan, wasu suka gudo cikin gari suka bar daji. Mutumin da ya ga haka ka zo masa da karne ka ce shanunka nawa, ai ƙarya zai yi maka kuma ba zan ga laifinsa ba. Sai an yi alkawari a rubuce, a gaban Lamido da Arɗo, cewa wannan littafin ba zai je hannun masu haraji ba, ba za a liƙa sunan kowa a bango ba, lamba ce za ta tafi kwamfuta ba suna ba. Kuma a je da ladabi, don waɗannan mutanen ba jahilan iri ba ne, akwai tsohon da zai tsaya ya lissafa maka uwar saniya da kakarta da kakar kakarta da suna, ya gaya maka wacce ce ba ta taɓa zubar da ciki ba, wacce ce 'ya'yanta ke mutuwa da bazara. Rabin rajistar tana kansa, kilo ne kawai babu.

Kuma don Allah in za a zaɓa kar a bi nauyi shi kaɗai. A tambaye mu. Muna son wadda ke haihuwa a kai a kai, wadda ba ta zubewa a watan Maris lokacin da ciyawa ta zama kara, mai ƙafar tafiya mashaya da lahore, wato rijiyar kanwa, wadda kaska da kirci ba sa damunta, mai haƙuri da yaro zai iya kora. A tambayi matan ruga ma, don nono nasu ne, kindirmo da man shanu su ke sayen gishiri da sabulu da littafin yara, in aka kawo bijimin da 'ya'yansa mata ba su da nono to ko maigida ya yarda uwargida za ta sa a sayar da shi kafin shekara.

Duk bijimin da za a sayar da sunan na iri, na gwamnati ne ko na mai ranci, a wajabta masa takarda: irinsa, kashi nawa ne jinin waje in akwai, ubansa, awonsa, da shaidar likita cewa an duba shi ba ya ɗauke da bakkale, ciwon nan mai sa zubar da ciki, ko tarin fuka. LANAVET, cibiyar gwajin cututtukan dabbobi ta ƙasa, tana Garwa, ba sai an kai jini Faransa ba. Haka mai barbarar allura, ya bar wa mai saniya 'yar takarda da lambar bijimin da ya yi amfani da maniyyinsa. Wani ya taɓa zuwa ya yi wa shanun maƙwabcina 6, da aka tambaye shi na wane sa ne sai ya ce na Turai ne mai kyau, shi kenan, yau 'ya'yan sun girma ba wanda ya san ko uba ɗaya ne, kuma ana shirin haɗa su da juna. A kuma fara tara maniyyin fitattun Gudali a ajiye cikin azot, ruwan sanyin nan da ke daskarar da shi, kamar yadda ake ajiye na waje, shi ne zai sa bijimi ɗaya ya haihu a Banyo da Meiganga lokaci guda, wanda da haka ne ma kwamfutar ke iya gwada garke da garke.

Sannan dandaƙa. Ba amfanin kawo bijimi na gari cikin garken da 'yan tsaki guda 7 ke yawo suna rigansa. A haɗa dandaƙa da zagayen rigakafi na shekara, kowane santar na dabbobi a ba shi abin matsewar nan na ƙarfe da ake kira Burdizzo, ba yanka ba jini ba ƙuda, a wanke a sake aiki da shi shekaru. Ya fi wuƙa da toka da ake yi a daji dabba ta kumbura ta mutu. Tunda na zo nan bari in ɗan karkata, ma'aikatan da ke zuwa ruga aiki a ba su kwali ko jarka ta zuba tarkace, don sau da yawa in an tashi sai ka ga allurai da kwalaben magani da dogayen safar leda a zube bakin mayo, yara su ɗauka su yi wasa, shanu su haɗiye ledar, ni mahauci ya haife ni na san abin da ake cirowa a tumbi.

Sai baskil a manyan kasuwanni, mai aiki, da mutumin da zai riƙe shi wanda ba dillali ba ne, a rubuta farashin kilo a allo kowa ya gani.

Mu a namu ɓangaren ba hannu sake muka zo ba. A cikin zamanmu mutum 8 sun ce a fara da garkunansu, ni ma 'yan shanuna da ke hannun makiyayi na saka su, mun yarda mu sayi 'yan kunnen da kuɗinmu, kuma mun yi alkawari tsakaninmu duk wanda ya ci karo da bijimi irin wancan zai riƙe shi sati 2 yana ciyarwa kafin ya loda, ko Allah zai sa a samu mai karɓa don iri. Fiye da sati 2 ba za mu iya ba, kuɗin mutane ne a hannunmu. Dattijon nan kuma na sake ganinsa, matar ta samu sauƙi, ya ce min uwar bijimin tana da ciki kuma wannan karon ma da uban wancan ne kafin ya tsufa, haihuwa wajen farkon damina. Na ce masa in namiji ne kar ya nuna wa kowa, har ni. In za ku turo mai tef da karne, ku turo shi kafin lokacin, ni zan kai shi rugar a babur ɗina.

Allah ya ƙara girma, ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
wani bafataken shanu, a madadin abokan zamansa
Sabongari, Ngaundere